Karaya da Ɗori: Tarihin Gano Maɗoran da ke Cikin Furen Tsiro

Kafin masara ta fid da kai, tun bununinta yana naɗe cikin ganye, akwai wani aiki da ke gudana a cikinta wanda in aka faɗa wa manomi zai ce tatsuniya ce. A cikin kowace ƙwayar halitta da za ta haifi garin fure, tsiron da kansa yake tsittsinka zaren gadonsa, wato DNA, a wuri kusan 500. Da gangan yake yi, da wata wuƙa da ya ƙera domin wannan aikin. In ya gama sai maɗora su shigo su ɗora kowace karaya. Yawanci sukan mai da zaren yadda yake, amma a wuri kamar 20 sai su ɗora shi a gicciye, guntun da aka gada daga uwa ya haɗu da wanda aka gada daga uba. Wuƙar da maɗoran duk furotin ne, kuma masana sun shafe kusan shekara 90 kafin su kama na farko da ke fara aikin.

Zaren gado ba a warwatse yake ba. An naɗe shi dami-dami, kowane dami ana ce masa kuromosom. Masara tana da 20, goma daga uwa, goma daga uba, kowanne da abokin tagwaitakarsa. In za a yi garin fure ko ƙwan da zai zama iri, dole a raba adadin biyu, in ba haka ba kowace zuriya sai ta ninka na iyayenta. Wannan rabon shi ake kira mayosis, kuma a cikinsa ne duk abin da za mu ba da labari yake faruwa.

Wanda ya fara hango abin wani limamin coci ne ɗan ƙasar Beljiyam, Frans Janssens, malami a jami'ar Louvain. A 1909 ya duba ƙwayoyin halitta da madubin ƙara girma, ya ga tagwayen kuromosom suna harɗewa da juna kamar masu kokawa, suna manne a wasu wurare. Ya ce a nan suke karyewa su yi musayar guntaye. Thomas Hunt Morgan, da ke kiwon ƙananan ƙudaje cikin kwalabe a jami'ar Columbia ta birnin New York, ya rungumi wannan ra'ayi a 1911, domin ya dace da abin da yake gani: halaye biyu da suka saba tafiya tare daga kaka zuwa jika, wani lokaci sai su rabu. Ɗalibinsa Alfred Sturtevant ya yi amfani da yawan wannan rabuwa ya zana taswirar gado ta farko a 1913. Amma duk wannan lissafi ne. Tagwayen kuromosom kamarsu ɗaya, ko sun yi musaya ba mai iya shaidawa da ido.

Masara ce ta raba gardamar, a hannun mata biyu a jami'ar Cornell. Barbara McClintock, wadda aka haifa a 1902, ta riga ta yi suna a can domin ita ce ta fara tantance kuromosom goma na masara ɗaya bayan ɗaya. Harriet Creighton ɗaliba ce da ta zo a 1929 tana da shekara 20. Dabararsu irin ta makiyayi ce da ke son gane sansa cikin garke: a nemi mai tabo. Suka samu wata masara da kuromosom ɗinta na tara yake da ƙulli a kai ɗaya, ɗaya kan kuma yana da wani dogon guntu da ya manne masa daga wani kuromosom dabam. Abokin tagwaitakarsa ba ƙulli, ba tsawo. A tsakanin tabban nan biyu akwai ƙwayoyin gado biyu da ake ganin aikinsu a jikin tsaba, ɗaya mai ba da launi, ɗaya mai sa garin ciki ya yi danƙo. Suka yi barbara da hannu, suka jira damina ta wuce, suka duba 'ya'yan. Duk tsiron da launi da danƙo suka canza abokin tafiya a jikinsa, in aka sa shi a madubi sai a ga ƙullin da dogon guntun su ma sun rabu. Musayar ta tabbata, nama da jini.

Sun so su jira wata daminar su ƙara yawan tsirran da suka ƙirga. Morgan ya kawo ziyara Cornell a 1931, ya ga abin da ke hannunsu, ya matsa musu su buga nan take. Takardar ta fito a watan Agusta na shekarar. Ba a daɗe ba Curt Stern ya fito da irin wannan hujja daga Berlin, shi da ƙudaje ya yi. Da sun jira damina da an riga su.

Abin da McClintock ta yi bayan nan ya fi ba ni mamaki, ko da yake ba shi ya jawo mata lambar Nobel ta 1983 ba. Tun 1928 Lewis Stadler na jami'ar Missouri ya nuna cewa hasken eksire yana jirkita gadon sha'ir da masara. McClintock ta koma Missouri a 1936, ta duƙufa kan kuromosom da suka karye. Ta lura cewa ƙarshen kuromosom na asali yana zaune lafiya, amma bakin karaya ba ya zama haka nan: yana neman wani bakin karaya ya manne da shi, ko da ba nasa ba ne. In mannewar ta zo ba daidai ba, wajen rabuwar ƙwayar halitta sai a ja kuromosom ɗin gefe biyu ya sake tsinkewa, ya sake mannewa, haka dai ake ta yi. Amma a cikin ɗan tayin tsaba sai ta ga bakin ya warke, tsinkewar ta tsaya. Ma'anar wannan ita ce ƙwayar halitta tana jin ta karye, kuma tana da masu yi mata ɗori. Ta faɗi haka tun ba a san siffar DNA ba, domin sai 1953 Watson da Crick suka nuna cewa igiya ce mai tufka biyu.

A wannan tsakanin manoman gwaji suna ta tsintar tsirran da abin ya lalace musu. George Beadle ya bayyana wata masara a 1930 wadda tagwayen kuromosom ɗinta ba sa zama tare, sai ta fito kusan juya. A 1958 Ralph Riley da Victor Chapman a Cambridge ta Ingila suka gano wani abu a alkama. Alkamar burodi tana da kuromosom 42, gadon kakanni uku ne masu kama da juna, don haka kowane kuromosom yana da ɗan'uwansa na ciki ɗaya da kuma 'yan uba huɗu. Duk da haka ba ya kuskure, da ɗan'uwansa kaɗai yake musaya. Suka nuna cewa mai tsaron wannan doka yana kan kuromosom 5B, aka sa masa suna Ph1. Kowa ya san yana nan, amma sai da aka yi kusan shekara 60 ba a san ko wane ne ba.

Sai kuma labari ya bi ta wata hanya da ba a zata ba. Manomanmu sun san burtuntuna, baƙar cutar nan da ke mai da zangarniya gari kamar toka. Masara tana da irin tata, wadda mutanen Meksiko ma suke ci a matsayin abin marmari. Wani matashi Bature, Robin Holliday, ya zaɓi wannan cuta ta zama abin bincikensa a cibiyar John Innes ta Ingila. A 1964 ya zana yadda yake ganin musayar take faruwa: kowace igiya ta warware tufka ɗaya ta miƙa wa 'yar'uwarta, su yi wata mahaɗa mai kusurwa huɗu kamar mararraba, daga baya a yanke mararrabar. Har yau da sunansa ake kiran wannan mahaɗa. Ya kuma ware wasu nau'o'in cutar da haske mai ƙuna ke saurin kashewa, ya ga musayar gadonsu ma ta samu matsala. A 1965 John Clark da Ann Margulies a Berkeley suka ga haka a ƙwayar cutar cikin hanji: da suka lalata ƙwayar gadon da suka kira recA, sai musaya ta tsaya, ƙwayar kuma ta kasa gyara ɓarnar haske. Daga nan aka fara fahimtar cewa mai ɗori da mai musaya mutum ɗaya ne, kayan aikinsu ɗaya.

Masu tsirrai ba su zauna ba. Herbert Stern da Yasuo Hotta a San Diego sun shafe shekaru suna aiki da furen lili, domin jakar garin furensa babba ce, ƙwayoyin cikinta suna tafiya tare kamar sojoji a fareti, kuma in ka auna tsawon tohon furen ka san matakin da suke. Suka ga ana ɗan saƙa sabon DNA daidai lokacin da tagwaye suke manne, irin saƙar da ake yi wajen cike ɓaraka. Aiki ne na haƙuri, amma lili ba ya ba da damar a kashe ƙwayar gado ɗaya a ga abin da zai biyo baya, shi ya sa tutar ta koma hannun masu aiki da yis, wannan dai da ake kwaɓa fulawa da shi.

A 1983 Jack Szostak da abokan aikinsa uku suka ce ba tufka ɗaya ake yankewa ba, igiyar gaba ɗaya ake datsewa. Maganar ta yi wa mutane da yawa nauyi, kuma ina ganin suna da uzuri. Datsewar tufka biyu ita ce mafi munin abin da zai sami DNA, ita ce eksire yake yi, guda ɗaya in ba a ɗora ba tana iya kashe ƙwayar halitta. A ce mai rai yana yi wa kansa haka, a kuma ƙwayoyin da zuriyarsa za ta fito, ya yi kama da mutum ya sa wa rumbunsa wuta domin ya ji ɗumi. Amma kafin 1990 an ga karayar da ido a yis. A 1992 aka bayyana maɗora biyu, RAD51 daga Japan da DMC1 daga ɗakin binciken Nancy Kleckner a Harvard, dukansu dangin recA. Aikinsu shi ne su lulluɓe bakin zaren da ya tsinke, su bi cikin dami suna lalube har su sami wurin da rubutunsa ya yi daidai, su cusa shi a nan domin a kwafi abin da ya ɓace. Ba a daɗe ba aka ga cewa wata ƙwayar gado da aka ciro daga furen lili a Japan ita ce DMC1 ta tsirrai.

Wuƙar ce ta rage. A 1997 Scott Keeney, a ɗakin Kleckner, ya kama ta dumu-dumu: wani furotin mai suna Spo11, manne a bakin zaren da ya datse. A shekarar kuma wasu masana a Orsay ta Faransa, da ke nazarin wata ƙwayar halitta mai zama cikin maɓuɓɓugar ruwan zafi, suka ga Spo11 ɗan gidan wasu furotin ne da aikinsu na asali shi ne yanke zare domin a warware sarƙaƙiya a sake ɗaurewa. Tsohon ma'aikaci ne aka canza wa aiki, aka ce ya yanke ya bar wa wasu ɗaurin.

Daga nan labari ya dawo gida wajen tsirrai, ta hannun wata 'yar ciyawa dangin kabeji mai suna Arabidopsis. Ba a cin ta, ba ta da kyan gani, amma cikin 'yan makonni take yin iri, tagwayen kuromosom ɗinta biyar ne kacal, kuma a 2000 aka gama karanta gadonta kaf. Tana da wata fa'ida da ɓera ba shi da ita. Ɓeran da aka cire wa RAD51 tun yana ciki yake mutuwa, don haka ba abin da za a gani. Tsiro kuwa yakan tashi lafiya, ya yi ganye, ya yi fure, sai a wajen iri asirinsa yake tonuwa, kuma ƙwayoyinsa sukan ci gaba da rabon ko da komai ya dagule, mai bincike ya ga ɓarnar daga farko har ƙarshe.

A cibiyar binciken noma ta Versailles, kusa da Paris, Mathilde Grelon da abokanta suka kashe SPO11-1, wato Spo11 na wannan ciyawar, a 2001. Ba karaya, to ba musaya; ba musaya, to ba abin da zai riƙe tagwaye tare, sai kowane kuromosom ya kama gabansa. Tsiron yakan yi 'yan tsabobi kaɗan, kuma lissafinsu a fili yake: tagwaye biyar in suka rabu da ka, sau ɗaya cikin 32 ne rabon zai zo daidai. Ashe karayar da ake tsoro ita ce take riƙe da haihuwa. Da aka cire DMC1, kuromosom sun fito lafiya amma ba musaya, domin RAD51 ya ɗora kowanne da kwafin kansa. Da aka cire RAD51 a 2004 sai suka farfashe kamar tukunya, tsiron ya zama juya. Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda aka cire RAD51 da SPO11-1 tare: farfashewar ta ɓace, domin inda ba a yanka ba ba a bukatar maɗori. A wannan shekarar aka ga ciyawar tana da BRCA2 har guda biyu, ƙwayar gadon da likitoci suka sani saboda alaƙarta da kansar mama, kuma in aka toshe ta tsiron ba ya iri. Aikinta shi ne ta ɗora RAD51 da DMC1 a kan zaren. Shekara biyu kafin nan an riga an ga irin wannan aiki nata a burtuntunar masarar da Holliday ya yi bincike a kanta.

Saura tambaya ɗaya. Arabidopsis tana yin karaya kusan 200, musaya kuwa kamar 10. Ina sauran? Raphaël Mercier da mutanensa a Versailles suka ɓullo wa abin ta bayan gida. Suka ɗauki tsirran da aka riga aka nakasa musu babbar hanyar musaya, masu 'yan gajerun kwanso marasa iri, suka zuba musu maganin da ke jirkita gado, suka shuka dubbai, suna neman wanda kwansonsa zai sake tsawo. Wanda duk ya warke, an karya masa wani abu da ke hana musaya ke nan. A 2012 suka fito da na farko, FANCM, wanda sunansa ya fito daga wata cutar jini ta gado da likita Guido Fanconi na Siwizalan ya bayyana a 1927. Cire shi ya ninka musaya sau uku. A 2015 suka ƙara RECQ4 da FIGL1. Waɗannan su ne masu warwara: ana tufka, suna bi suna kwancewa kafin mahaɗar ta ƙullu. Da aka cire RECQ4 da FIGL1 tare a 2018, musaya ta ninka kusan sau takwas, tsiron kuma yana nan da ransa yana iri. Cire RECQ4 kaɗai ya ninka ta kamar sau uku a shinkafa da tumatir da wake irin na Turai. A Cambridge kuma, a 2017, ɗakin Ian Henderson ya nuna cewa ƙara yawan wani furotin mai suna HEI10 yana ninka ta biyu.

Ga mai kyautata iri wannan ba ƙaramin labari ba ne. Yakan ɗauko juriyar cuta daga wata ciyawar daji ya kai wa alkama, sai ta zo da tarkacen maƙwabtanta, ƙarancin yabanya ko ɗaci, kuma musaya ce kaɗai ke iya raba su. A alkama da sha'ir da masara musayar tana taruwa a bakin kuromosom, tsakiyarsa kuwa kusan a kulle take, halaye masu kyau da marasa kyau suna tafe tare tun zamanin kakanni. Gaskiya dai cire masu warwara bai buɗe wannan tsakiya sosai ba, ya fi ƙara musaya a inda dama ake yi. Shi kuwa tsohon mai gadin alkama, Ph1, a 2017 ɗakin Graham Moore a John Innes ya nuna cewa jigonsa wani kwafi ne na ZIP4, ɗaya daga cikin masu ƙulla musaya.

Wani reshen binciken ya juya baya ne gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa shuka masara mai aure ya san dokarta: bana ta yi kyau, amma in ka ɗebi iri daga rumbu ka mayar baɗi, gona za ta fito wani dogo wani gajere, yabanya ta ragu, dole ka koma kanti. Mayosis ne yake wargaza haɗin da kamfani ya yi. A 2009 mutanen Versailles suka kashe ƙwayoyin gado uku a Arabidopsis lokaci ɗaya: SPO11-1 domin kada a yanka, REC8 domin a canza yadda kuromosom ke rabuwa, da OSD1 domin a tsallake rabo na biyu. Sai garin fure da ƙwai suka fito da gadon uwa cikakke, ba ragi ba gauraye. Suka kira dabarar MiMe. Matsalar ita ce in irin wannan ƙwai ya haɗu da garin fure, adadin kuromosom zai ninka. A ƙarshen 2018 Imtiyaz Khanday da Venkatesan Sundaresan a jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka warware wannan a shinkafa: suka kunna wata ƙwayar gado, BBM1, a cikin ƙwan, ya fara zama ɗan tayi ba tare da uba ba. A 2022, tare da masana na Montpellier, aka kai inda fiye da kashi 95 cikin 100 na tsabar shinkafa mai aure take fitowa sak uwarta, zuriya bayan zuriya.

A nan ne labarin ya taɓo gonakinmu. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna Hy-Gain, ƙarƙashin Anna Koltunow ta jami'ar Queensland a Ostireliya, domin a kai wannan dabara ga dawa da wake, saboda ƙananan manoman Afirka. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, amma babu wake mai aure a kasuwa, kuma dalilin yana cikin furen. Furen wake yakan yi wa kansa barbara tun bai buɗe ba. Mai son haɗa iri biyu sai ya buɗe tohon da ɗan hantsaki, ya cire jakunkunan garin fure, ya shafa na wani tsiron da hannu, fure ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuma kwanso ɗaya zai ba shi. Ba kamfanin da zai cika buhu da haka. In aka iya kulle mayosis a wake yadda aka yi a shinkafa, wannan aikin hantsaki sau ɗaya za a yi shi, sauran kuma manomi ya ɗeba daga rumbunsa.